Katifar da Ba Ta Je Katuzu Ba

Ba shekarar da layin dogo ya iso Nguru ba ce, ba kuma wadda ta bi mata ba. Ta gaba ce, wadda gyaɗa ta yi yawa har buhu ya ƙare a tasha, aka riƙa zube ta a ƙasa ana rufewa da zana. A shekarar na fara zuwa cin rani Nguru ina dakon buhu, a shekarar matata ta yi cikin fari, a shekarar kuma agana ta shigo mana Gashuwa. Ban san lissafinta da lambar Turawa ba. Malaminmu na ajin yamma ya ce in ina so zai lissafa mini, na ce ya bari, ba abin da zan yi da shi.

Abin da ya tayar mini da maganar, kwanan baya na bi ta bayan gidajen ma'aikatan jirgi, sai na ga katifa yashe a kan juji. Irin ta kanti ce, wadda ake saukewa daga Kano tare da gadon ƙarfe, ɗinkin keke, da maɓallai jere a jikinta. Gefe guda kawai ta yage. Audugar ta leƙo fara fat, akuya na kwance a kai tana tuƙa. Mutane na wucewa, ba wanda ya waiga. Ni ma ban taɓa ta ba. Na dai tsaya har akuyar ta gaji da kallona ta juya mini baya, sannan na tafi. Yanzu wanda ya sayar da gyaɗarsa yakan sayi katifa ranar kasuwa ya ɗora wa ɗan dako, in ta kwanta ya yar ya sayi wata. A lokacin da nake faɗa, unguwarmu duka katifa ɗaya ce, kuma ta Iya ce, mahaifiyata.

Mu a kan tabarmar kaba muka tashi. Mai hali ya ɗaura gadon kara ya shimfiɗa buzu, shi ke nan ya kai. Rimi ba ya son ƙasarmu, audugarsa daga nesa fatake ke kawo ta, kuma ba kowa ke tambayarta ba. Iya ta gaji katifar daga uwarta, a lokacin katifar 'yar ƙarama ce, ba ta fi ta kwantar da yaro ba. Ita ta yi ta ciyar da ita shekara da shekaru har ta kai tsawon babban mutum. In fatake sun sauka, ta ba su busasshen kifi su cika mata ƙwarya da audugar rimi. In kaka ta yi, ta roƙi ragowar auduga wurin masu kaɗi ta gurje. Mu kuma da rani ta tura mu bakin fadama mu tsinko 'ya'yan tumfafiya kafin su fashe iska ta kwashe, tana gargaɗinmu kada ruwanta ya shiga ido. Rigar katifar saƙi ce, baƙi da fari, an yi mata faci har ba a gane wanne ne asalin. Mahaifina ya rasu ina saurayi, ya bar mana gida da jaki da koma biyu ta kamun kifi. Amma in an yi maganar abin da gidanmu ke da shi, katifar ake nufi.

Hidimarta ba ta ƙarewa. Da hantsi, ranar da babu hadari, Iya ta ce a kama mata, a ɗora a kan rumfa. In gefe ɗaya ya sha rana a juya. Kafin la'asar a sauke, ta ɗauko sandarta ta tsamiya, wadda hannu ya goge har tana ƙyalli, ta hau bugu. Ƙarar ba irin ta daka ba ce, ba ta da kaifi, bup, bup, kamar daga cikin rami take fitowa, amma har bakin kogi ana ji. Masu wanki su ce Iya na horon 'yarta. Bayan bugu ta zauna ta bi ɗinki da farce, layi layi, tana neman kuɗin cizo, inda ta ga baƙin ɗigo ta zuba toka mai zafi ta goge. Da damina ƙasar Gashuwa na tsattsafo da ruwa, gara kuma ba ta barci, sai a naɗe ta a rataye da igiya a tsakiyar ɗaki, kowa ya riƙa sunkuyawa yana wucewa. Ran Juma'a ta kifa kwando a kan kaskon turaren wuta, irin wanda maƙwabtanmu Barebari ke haɗawa, ta jingina katifar a kai ta lulluɓe da zane. In mun yi ƙorafin ɗauka da saukewa, sai ta ce ita ba ta taɓa jin katifar ta yi ƙorafin wanda ya kwanta mata ba.

Kuma ba a yar da komai nata. Shekara shekara ana farke ta bayan kaka. Audugar da ta dunƙule, a sa mata bakan shiɓa ta tashi ta koma ciki. Wadda ta ƙi tashi ta koma matashi. In matashi ya mutu ya tafi cikin akumarin jaki. In jaki ya gama da ita a yi gammo, ko masunta su zo su karɓa su toshe ɓarakar kwalekwale. Ɗan abin da ya rage, baƙi ƙirin, shi ake ajiyewa a ƙoƙo kusa da ƙyastu don kama wuta. Yau yaro ya ji haka sai ya ce talauci ne. Talauci ne, ban musa ba. Amma ni na san audugar da ta fara hidima tun kafin a haifi uwata, ta ƙare tana kunna mana wutar tuwo.

Abin da zai ba na yanzu mamaki shi ne, ba mai kwana a kanta a gidanmu. Iya kanta a tabarma take kwana. Katifar ta mai jego ce, da mara lafiya, da tsohon da ƙasa ta fara cin haƙarƙarinsa. Duk gidan da abu ya samu a unguwa, sai ka ji sallama a zaure: "A ce da Iya Mai Katifa ana gaishe ta." Ba a faɗin sauran, ta gane. Ba ta taɓa hanawa ba. Sharaɗinta guda ne, a shimfiɗa buzu a kai saboda fitsari da jini. In mai jinya ya tashi, a dawo da ita a shanya a buga. In kuwa ya cika a kanta, to ba ta shiga ɗaki sai an farke ta gaba ɗaya. A kai rigar kogi a wanke da toka, a baje audugar a tabarmi a tsakar gida, a rufa mata tsohuwar koma kada iska ta ɗauka, ta sha rana har sai Iya ta shinshina ta ce ta yi. Sannan shiɓa. Yara ake kira su tsettsefe ƙulle-ƙullen, don yatsunsu ƙanana ne. Haka uwarta ta yi, haka ta koya, kuma a iya saninmu babu tsabtar da ta wuce wannan.

A Nguru muna kwana a wani zango kusa da tasha, mu 'yan dako, kowa da tabarmarsa. Wajen ƙarshen ciniki wani abokin aikina ya kwanta da zazzaɓi da ciwon baya, ƙuraje suka feso masa, bai daɗe ba ya rasu. Dawowarmu daga maƙabarta ke nan sai ga duba-gari da lebura biyu, sun ɗaure hanci da ƙyalle. Suka tattara tabarmarsa da bargonsa da matashinsa da bakin sanda, ba su sa hannu ba, suka tuttula kananzir. Matashin sabo ne, bai yi wata biyu da sayensa ba. Raina ya ƙi.

"Ranka ya daɗe," na ce, "matashin nan ai a bar wa ƙanensa. A shanya, a buga."

Ya dube ni ta saman ƙyallen. "Kana son ƙanen nasa?"

"Ina so."

"To matsa can ya ƙone."

Ba mafaɗaci ba ne. Da wutar ta kama ya tsaya kusa da ni ya ce ɓawon ƙurajen nan da ke zuba a shimfiɗa ba ya mutuwa tare da mai shi, yana iya zama cikin auduga ya jira wani, rana da sanda ba sa korar sa. Ban ce na yarda ba, ban ce ban yarda ba. Kafin azahar an jera mu an yi mana lambar rigakafi a dantse, da mai so da wanda ba ya so. Tabon na nan har yau.

Da ciniki ya ƙare na kama hanyar gida, zafin bazara ya fara. Na san ba zan tarar da matata ba, don cikin ya tsufa, iyayenta sun ɗauke ta goyon ciki can Katuzu, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Tun daga bakin lungunmu na ji kukan bakan shiɓa, tan, tan, tan. Ba lokacin farke katifa ba ne. Na san wani ya tafi.

Na tarar da tsakar gida fari fat. Iya na zaune da baka, ƙanwata Auta na gefenta ta nutsa hannu cikin auduga. Auta ba ta kai goma ba a lokacin. Bayan ni Iya ta binne huɗu kafin ta same ta. Auduga ta rufe mata kitso da gira.

"Yaya! Ka ga na riga Iya furfura. Durƙusa ka gaishe ni."

"Ina wuni, Kaka."

"Lafiya lau, yaro. Me ka kawo wa tsohuwa?"

Na ba ta warwaron ƙarfe da na sayo mata a kasuwar Nguru, ta zura a hannun nan da audugar, tana kaɗawa. Iya ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ta ce, "Mutanen jirgi, an dawo?" Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi wa aka rasa. Ta ce 'yar rani ce ta shigo, don a gidanmu ba a kiran agana da sunanta. Ta fara da ɗan wani masunci, aka aiko, katifar ta je. Ta dawo aka farke aka ɗinke, sai matar mai gishiri. Wannan farkewa ta uku ce, jikar ladan ce ta cika a kai.

Na bari sai washegari da la'asar, tana zaune tana cusa auduga cikin rigar. Ta yi mata sabon faci da wani zanenta mai kyau da ta daɗe tana ajiya. Na zauna nesa kaɗan.

"Iya, a Nguru ƙonewa suke yi."

"Me?"

"Shimfiɗar wanda ciwon nan ya ɗauka."

"A Nguru ai komai da wuta suke yi. Jirgin nasu ma wuta yake ci."

Na gaya mata abin da duba-gari ya ce, a hankali, ina duban ƙasa. Ta saurara har na gama. Sannan ta soke basilla a jikin katifar ta juyo mini da fuskarta. Fuskar Iya duk zanzana ce, ramuka ƙanana tun daga goshi har haɓa. Mun saba da ita har ba ma gani.

"Dubi nan. Ni da 'yar rani mun gama tun ban yi wayo ba. A kan wannan katifar aka yi jinyata, a kanta na tashi. Sau uku na rungumo ta bana daga gidan mutuwa, ko atishawa ka ji na yi?"

"Ke kin riga kin yi, Iya. Ba ta komawa wanda ya yi."

"Su ukun da suka tafi, ciwon ya riga katifar shiga gidajensu. Ba ni na kai musu ba, aiko mini aka yi. In ce su mutu a ƙasa?"

Ta koma ɗinki, tana magana ba ta dube ni ba. Ta ce wannan karon ba ta aro ba ce, ko wa ya yi sallama a ce ba ta nan. Yarinyar can ta Katuzu take gyara wa. Ta ce ni a kanta aka kwantar da ni, Auta ma haka, ba za a yi ba a ce uwar miji ta ara wa gari duka katifa, jikanta na fari ya kwana a tabarma a gidan surukai. Ta ce in ta gama in ɗora wa jaki in kai.

Ni ban taɓa ce wa Iya a'a ba. Ban san yadda ake yi ba. Abin da na iya shi ne jinkiri, shi na yi. Ran da ta gama ɗinki na ce jakin na da miki a baya, a bari ya kame. Akwai mikin, amma bai fi ƙwayar goro ba. Da ya kame na ce an kira ni gayya fadama, ban ruwan barkono. Bayan nan na ce turaren bai kama ta ba, a ƙara mata Juma'a ɗaya tunda gidan surukai za ta. Wannan ya yi wa Iya daɗi, ta ƙara. Lissafina shi ne a haihu, a yi suna, a yi nisa cikin jego, ko maganar ta mutu da kanta.

Cikin kwanakin na je Katuzu ni kaɗai gaida surukai. Da kyar na samu ganin matata, ta bayan danga, ita ciki ni waje, ƙanwarta na tsaye tana yi mana gadi tana dariya. Ƙafafunta sun kumbura, tana dafe da ƙugu.

"Ina katifar Iya? An ce har sabuwar riga aka yi mata."

Na gaya mata abin da na gani a Nguru, da gidaje ukun da katifar ta shiga. Ta tsinke kara daga jikin dangar.

"To me zan ce wa Iya?"

"Ba ke za ki ce ba."

"Kai ɗin ma ai ba ka iya ce mata." Ta jefar da karan. "Ka ji, in ta zo zan kwanta, ni da abin da Allah ya ba ni. Ba zan mayar da hannun uwarka ba, a yi ta faɗa da ni har jikoki."

Na san gaskiya take faɗa. In katifar ta shiga gidan nan, a kanta za ta kwanta, a kanta za a kwantar da jaririn.

Ita kuwa katifar tana nan a ɗakin Iya, a naɗe a kusurwa, ta cika ta yi ƙiba tana ƙamshi. Ba ta taɓa daɗewa haka a gida cikin rani ba, kullum tana gidan wani. Auta tun da ta yi wayo ba a taɓa barinta ta hau ba. Wata rana da tsakar rana, Iya ta tafi kogi, na shigo shan ruwa na tarar ta warware ta tana kwance rub da ciki, fuskarta a nutse.

"Sauka."

"Gwada wa matarmu nake yi, in ji ko ta yi laushi."

"Na ce sauka."

"Kai dai ka ƙi kaiwa don kana so ka kwana a kai. Zan gaya wa Iya."

Na ɗaga ta cak na dire a ƙofa, na ce in na sake ganinta a kai zan karɓe warwarona. Ta yi mini gwalo ta ruga. Na naɗe katifar na ɗaure da igiya. Daga baya Iya ta ce sau da yawa takan tarar da ƙullin ba irin nata ba, ba irin nawa ba. Ni ina fadama, ba kullum nake gida ba.

Ranar da haƙurin Iya ya ƙare, na dawo da yamma na tarar tana naɗa gammo.

"Katuzun nan Makka ce?" ta ce. "Mai ciwon ƙafa ma yana zuwa ya dawo ya ci tuwon rana. Bar jakinka ya huta, kada ya rame. Gobe da sassafe ni zan ɗauka a kaina, gari ya ga ina da ɗa."

Na kwana ban san abin da zan yi ba. Da gari ya waye ta fito da katifar bakin ƙofa, ta ɗaura ɗamara, ta kira Auta ta zo ta taya ta ɗorawa. Auta ba ta amsa ba. Tana kan tabarmarta a dunƙule, jikinta kamar garwashi, tana cewa bayanta zai karye. Iya ta tsaya a kanta, gammo a hannu. Sai ta ajiye gammon, ta kwance igiyar, ta shimfiɗa katifar, ta ɗora buzu, ta ɗauki yarinyar ta kwantar. Katifar ta mara lafiya ce.

Jinyar ba ni da abin faɗa a kanta mai yawa. Ƙurajen sun fara a fuska da hannu, suka haɗe har babu wurin sa yatsa. Sun shiga baki, kunu ya ƙi wucewa, sai ruwa da ludayi kaɗan kaɗan. Hannun ya kumbura, dole na sa awartaki na buɗe warwaron na cire. Iya na zaune da mafici tana korar ƙuda, tana shafa mata man shanu, ba ta kuka, ba ta barci. Ni ina ɗebo ruwa ina faskare. Muna cikin haka aka aiko daga Katuzu matata ta sauka, namiji, ita da shi lafiya. Na tsaya a bakin ƙofa na faɗa wa Iya. Ta ce alhamdu lillahi. Na ɗauka Auta ba ta ji, idanunta sun rufe tun tuni.

"Matarmu ta haihu?"

"Ta haihu, Kaka."

"A kan me take kwance?"

"Tabarma."

"Ku ce mata ta yi haƙuri. Na kusa tashi in ba ta."

Ba ta kai ranar suna ba. Muka kai ta da hantsi, mutum kaɗan ne suka bi, don kowane gida na da nasa.

Washegari Iya ta jawo katifar tsakar gida, kamar yadda take yi bayan kowace mutuwa. Ta shimfiɗa tabarmin shanya, ta fito da tsohuwar koma, ta ɗauko 'yar wuƙarta ta zauna ta fara farke ɗinki. Ina tsaye a jikin rumfa. Ta farke kamar taki ɗaya, audugar ta leƙo. Sai ta waiga gefenta na hagu, inda mai tsettsefe mata ke zama. Ta daɗe a haka.

"Da ka kai ta ran da na ce," ta faɗa, ba ta dube ni ba, "da yarinyar nan ba ta hau ba."

"Haka ne, Iya."

Kaji suna ta tono a bayan ɗaki. Wani na jan ruwa a rijiyar maƙwabta, ana jin guga na bugun gefe.

"Da waccan ta Katuzu ce ta kwanta," ta ce. "Da ita da jaririn."

Ta ajiye wuƙar, ta shiga madafa ta fito da garwashi a kasko, ta ce, "Kama can." Na ɗauki katifar a kafaɗa, ita tana gaba da kasko, muka bi lungu har bakin kogi inda ruwa ya janye ya bar rairayi. Mata na wanki a ƙasa, suka dakata. Wata ta ɗaga murya ta ce, "Iya Mai Katifa, lafiya?" Iya ta ce, "Lafiya." Ta nuna mini wuri na shimfiɗa. Ta juye garwashin a inda ta farke.

Na sha ganin audugar rimi tana kama wutar ƙyastu, ɗan tsunkule, amma ban taɓa ganin ta da yawa haka ba. Wutar ta bi cikin kafin ta fito waje, katifar ta kumbura kamar tana numfashi, sannan ta tashi gaba ɗaya. Ƙamshin turare ne ya fara zuwa, bayansa wani wari. Ba ta ɗauki lokacin da ake ɗauka a ci tuwo ba. Iya ta tsaya har ta zama toka, ta tura rairayi da ƙafa ta rufe, ta ɗauki kaskonta. A hanya ta ce in tuna jaki bai sha ruwa ba.

Ranar suna ta je Katuzu da ƙafarta, bayan ta yi wanka ta canza zane. Ta zauna a tabarma aka miƙa mata jaririn, ta yi masa addu'a ta mayar. Ba wanda ya tambaye ta katifa. A gida kuwa an yi ta sallama a zaure har damina ta sauka, tana aiko ni in ce babu. Ta rayu shekaru bayan nan, ta goyi yaron, ta ga ƙannensa. Ba ta sake aiken kowa tsinkar tumfafiya ba, ba mu kuma sake maganar ba, ni da ita. Har yau ban san ko katifar ce ba. Ciwon ya shiga gidajen da ba ta taɓa shiga ba, ya kuma tsallake wasu yaran da suka taya Auta tsettsefa. Na tambayi wani ma'aikacin asibiti bara, ya ce yana yiwuwa, yana kuma yiwuwa ba ita ba ce.

Abin da ya tafi a bazarar nan, wanda na sani da idona, ga shi. Abokin dakona na Nguru. Ɗan masunci. Matar mai gishiri. Jikar ladan. Auta. Katifa ɗaya, tarin mata biyu, kakata da Iya. A unguwarmu ba a sake yin wata ta aro ba.